Yadda safa mai hana ruwa da laka shiga ƙafa take aiki

Idan ka riƙe ta, za ka ɗauka safa ce kawai mai ɗan kauri, amma hawa uku gare ta. Na waje saƙa ce mai ƙarfi da ke jure gogayya da takalmi. Na ciki, mai taɓa fata, yawanci ulu ne ko zaren gora, aikinsa tsotse gumi. A tsakiya kuma akwai wata siririyar leda da ke tare ruwa, laka da yashi, tana barin tururin gumi ya fita. Sealskinz na Ingila yana cikin kamfanonin da suka yi suna wajen yin ta.

Ledar nan ita ka biya wa kuɗi, kuma ita ke fara lalacewa. Ka yanke farce kafin ka sa. Kada ruwan wankinta ya wuce digiri 40, kada ka murɗe ta, kada ka yi mata guga ko ka kanga ta a wuta. Shanya bayanta ya bushe, sannan ka juyo cikinta.

Kana zargin ta huje? Cika ta da ruwa ka ga inda zai ɗiga. Sai dai fa a bazara dafa ƙafa take yi, damina ce lokacinta. Kuma idan ka taka ruwan da ya wuce bakinta, ta sama zai shiga.