Walƙiyar Da Ido Ba Ya Gani

Makarantar Shari'a ta Shahuci, wadda aka buɗe a birnin Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta horar da alƙalai bisa ƙa'ida sananniya, watau ba a yanke hukunci da zato, sai da shaida. Wannan ƙa'ida ita ce ta tsare masana taurari wajen shekara hamsin a kan al'amarin wata walƙiya.

Hasken walƙiyar nan irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne a Asibitin Murtala. Ido ba ya ganinsa, iskar da ta lulluɓe duniya kuwa tana shanye shi, saboda haka sai kumbon da ke can sama kaɗai ke riskarsa. Tun shekarun 1970 ake ganin ya haska a wani sashe na sama, wani lokaci 'yan daƙiƙu, wani lokaci sa'o'i, sa'an nan ya ɓace. Sau da yawa ba a lura da shi sai an waiwayi tsofaffin bayanai, alhali sawu ya riga ya goge.

To, a ran 9 ga Janairu, 1924 ba a ko yi mafarkin abin da ya faru shekara ɗari daidai bayanta ba: ƙasar Sin ta harba kumbon Einstein Probe, wanda ke kai labari nan take. A ran 8 ga Janairu, 2025 ya tsinkayi walƙiya, masana suka juya manyan madubai a Cile da Hawai suka fuskanci wurin. Cikin 'yan makonni shaida ta bayyana: wani ƙaton tauraro ne ya tarwatse, kuma haskensa ya yi tafiyar fiye da shekara biliyan biyu kafin ya iso. Bincike ya nuna harshen wutar da ya taso daga cikinsa bai iya huda ɓawonsa ba, zafin da ya bari shi ne walƙiyar.

Mutuwar tauraro ba baƙon abu ba ce ga magabata, domin Ali ɗan Ridwan ya siffanta wadda ya gani a Masar a 1006. Amma mai karatu ya lura: shaidar 2025 ta tabbata ne a kan walƙiya guda. Kowace daga sauran sai an kawo tata hujja.