Wasiƙa ga matasan Lafiya: wa ke karanta saƙonninku?

Ƙannena,

Ina jin musun da kuke yi, daga Jami'ar Tarayya ta Lafiya har zuwa rumfunan cajin waya, kan wace manhaja ta fi rufin asiri. Ga abin da zan ce.

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo ta yadda sai mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗewa. Amma kamfanin Meta, mai WhatsApp, ya san lambarka, da waɗanda kake hulɗa da su, da lokacin. Kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya ne hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci shi tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024.

Telegram ce ta fi ruɗar ku. Ana yi mata kallon maɓoya, alhali hirar yau da kullum da ta zauruka a rumbun kamfanin take ajiye. Kullewar gaske sai ka buɗe hirar sirri da kanka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai. Bayan kama mai ita, Pavel Durov, a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya ce zai miƙa wa hukuma lambar waya idan ta nema bisa doka.

Signal ta fi su duka, a ganina, don kusan ba ta ajiye komai. Sai dai ko ita ba ta maganin sakaci: a Maris 2025 manyan jami'an Amurka suka saka ɗan jarida cikin zaurensu bisa kuskure, suna tattauna harin Yaman.

Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin asirin da ke tonuwa a garin nan ba kamfani ya tona shi ba. Aboki ne ya ɗauki hoton allo. Waya ce aka bar wa mai gyara a buɗe. Ko wani ya kira da murya mai daɗi, wai taron zaure za a yi, ya nemi lambobi shida da aka turo maka, ka karanto masa. Kafin la'asar ya ƙwace asusunka, yana roƙon kuɗi da sunanka. 'Yan mata, hoton da ya bar hannunku ba ku da iko da shi kuma, ko da wanda ya karɓa ya kai sadaki.

Don Allah yau ɗin nan ku kunna matakin tsaro na biyu, ku kulle ajiyar hirarku da ke Google Drive, kuma kada ku ba kowa waɗannan lambobi shida.

Wassalam,
Yayanku.