Wandon Gudu Mai Aljihu: Wanne Zan Saya?

Tambaya: Anti, ina fita gudu da safe, amma waya da makulli sai lilo suke yi a aljihuna, suna dukan cinyata. Wane irin gajeren wando zan nema?
— Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Laifin aljihun gefe ne mai faɗi. Nemi wando mai aljihu a bayan ƙugu da zik, ko mai matsattsen ɗan wando a ciki wanda aka ɗinka wa aljihu a kan cinya. A nan waya ke lafewa.

Wajen yadi, zaɓi polyester ko nailan mai ɗan talewa. Auduga na shan gumi, ta yi nauyi, ta goge fata.

Kafin ki biya kuɗi, saka wayarki a aljihun, ki yi tsalle. In ƙugun ya zame, ki bar shi. Ware wa makulli nasa aljihun don kada ya karce gilashin waya. Gorar ruwa kuma ki riƙe a hannu. In gajartar wandon ta dame ki, ɗora shi kan dogon wando mai laushi.