Darasi: Hanyar ruwa cikin jikinka, daga baki zuwa ƙoda

Kullum zancen cikin bisashe muke yi maka. Wannan karo zancen naka cikin ne, don bazara ta kusa, kuma mun lura akwai mai wuni bakin rijiya yana jan guga ma shanu hamsin, shi ko bai sha moɗa biyu ba.

Darasin ba zai yi maka wuya ba, tunda ka sha fiɗar rago. Abin da ka gani a kayan cikinsa, hanta, maɗaciya, hanji, ƙoda biyu da mafitsara, duk kana da irinsu. Tumbi ne ya bambanta. Na rago ɗaki 4 gare shi, kuma cikin babban ɗakin akwai ƙananan halittu masu ruɓar da ciyawa, shi ya sa yake tuƙa. Naka ɗaki 1 ne, ba ya narkar da kara ko harawa.

In ka sha fura, aiki ya soma tun daga baki, inda miyau ke fara narkar da garin hatsi. Daga nan ta bi maƙogwaro ta faɗa tumbi. Can akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai da ke dama abinci, yana kashe da yawa daga cikin ƙwayoyin cuta. Bayan ƴan awowi sai abinci ya wuce ƙaramin hanji, mai tsawon wajen metir 6. Nan ne babban aiki. Ruwan maɗaciya ya sauko ya farfasa mai, amfanin abinci ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, jini ya kai shi hanta. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, mai metir 1 da rabi, a tsotse sauran ruwa, tusa ta fita bayan gida.

Ga abin da muke so ka riƙe. Ba ruwan da ka sha kaɗai ke bin hanji ba. Jiki da kansa yana zuba miyau da sauran ruwan narkar da abinci wajen lita 7 a yini, sa'an nan hanji ya maido kusan duka cikin jini. Aro ne, ana biya. In zawo ya kama mutum, biyan ya tsaya, ruwan ya tafi ƙasa. Dalili ke nan zawo ke ƙarar da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda yake yi ma ɗan maraƙi.

To, ina aikin ƙoda?

Ƙodarka biyu suna baya, gefen ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, kowace ta kai dunƙulen hannu. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, amma yana ta kewayowa ta cikinsu dare da rana. Kowace ƙoda na da ƴan matatai kusan miliyan 1. A yini suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su maido shi, su bar lita 1 da rabi da dattin jiki da rarar gishiri. Shi ne fitsari.

In ruwa ya yi ƙaranci, ƙoda na yin tattali: fitsari ya ragu, ya yi duhu. Amma tattalin naka na da iyaka. Raƙumi yana kwanaki bai sha ba domin ƙodarsa na iya matse fitsari ya yi kauri, kashinsa ya fito busasshe, kuma ba ya yawan gumi. Saniyarka ma ta saba da shan ruwa bayan kwana biyu lokacin rani. Kai ba haka aka yi ka ba. Cikin zafin Afrilu da Mayu, mai aikin ƙarfi a rana yana iya zubar da lita 1 na gumi cikin awa guda. In jini ya ragu, abin da ke isa ƙoda ya ragu, in abin ya yi tsanani sai ta tsaya. Wanda ya daɗe yana ƙarancin sha kuma, tsakuwa na iya fito masa a ƙoda ko a mafitsara.

Ma'auninka fitsarinka ne. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. In ya yi kamar shayin farko, ka sha ruwa, kar ka jira ƙishirwa. Ƴan kofunan shayi uku ba su maye gurbin salka. Yaron da ka tura kiwo, duba jarkarsa kafin ya fita.

In zawo ya shigo ruga, ba a hana mai shi ruwa da sunan tsayar da ciki. Ka nemi ƙunshin SRO a likita, ka dama 1 cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. In babu, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1, shafaffe ba tsororo ba. Sukarin ba don daɗi ba ne: shi ke jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa ya bi su. A ba yaro kaɗan-kaɗan, uwa ta ci gaba da ba da nono. Yadda kake tsunkular fatar maraƙi ka ga ko za ta koma, haka za ka yi a cikin yaro. In fata ta tsaya, ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ɗauke shi zuwa likita a ranar.

Sai maganar ƙwayoyin ciwon jiki da ake saidawa kan faranti a kasuwa, irin su diklofenak da ibuprofen. Mutum ya wuni a rana bai sha ruwa ba, ya dawo da ciwon baya, ya haɗiye biyu ko uku. Waɗannan ƙwayoyi suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da take neman ƙari. Maganin bisashe kuwa na bisashe ne, ba a sha, ba a yi ma mutum allurarsa.

Alamun da ba a kwana da su: fitsari ya ɗauke yini guda, fuska da ƙafafu sun kumbura, ko jini a ƙarshen fitsari. Wannan na ƙarshe sau da yawa tsargiya ce, da yara ke ɗauka wajen shiga tabki. Ba alamar balaga ba ce, kuma tana da magani a likita. In an bar ta shekaru tana ɓata mafitsara har ta taɓa ƙoda, kuma injin wanke jini sai manyan asibitoci irin na Yamai, sau biyu ko uku kowane mako.