Laimar Kwaɗi a Lambun Gida: Yadda Ake Gane Ta

Idan ruwan Agusta ya zauna, sai a wayi gari a tarar laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ta tsattsago a gindin lemo ko inda aka zuba takin shanu. Galibinta ba ta taɓa shuka, ruɓaɓɓen ganye da itace take ci. Abin tsoron shi ne yaro mai rarrafe da ke kai komai baki, da kuma babban da ya taɓa ci a ƙauye yake ganin ya san ta.

Kada ku tsinke ta daga sama. Ku sa wuƙa ku tono ta har gindi, don a can babbar alama take. In kun ga gindin a kumbure cikin wata 'yar jaka mai kama da ɓawon ƙwai, ga zobe a wuyan kara, ƙarƙashin laimar kuma fari fat, to ku ɗauke ta a matsayin dangin Amanita. Cikinsu akwai masu cinye hanta, kuma dafuwa ko shanya ba sa kashe dafinsu.

Sai gwajin gari, wanda na fi so kowane mai lambu ya iya. A yanke laimar daga karanta, a kife ta kan takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi ta kwana inda yara ba sa kaiwa. Da safe za a ga garin irinta ya zuba. Idan ya fito kore-kore, to Chlorophyllum molybdites ce, wadda ta fi yawa a kan ciyawar gidaje a ƙasashe masu zafi. Babba ce, fara, da ɓarɓashi ruwan ƙasa a samanta, kyakkyawa har ta ba mutum sha'awa. Awa 1 zuwa 3 da cin ta sai amai da gudawa mai tsanani. Tana ƙarama ƙarƙashinta fari ne, sai ta manyanta yake juyawa, shi ya sa take ruɗin mutane.

Wadda aka saba ci a sassan Afirka da dama, Termitomyces, tare da gara take rayuwa. Tana da tsini a tsakiyar kai da doguwar saiwa mai nutsewa har cikin gidan gara, garinta kuma ruwan hoda ne. Duk da haka ganin suri a kusa bai isa hujja ba, mai dafi ma tana iya tsirowa a gefensa. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya jefa wadda ta fito a lambu cikin tukunya ba, komai kama. Maganar cewa in tsutsa ko akuya ta ci to mutum ma zai iya, ko cokalin azurfa zai yi baƙi in akwai dafi, duk ba ta da tushe. Gane ta da hoto a waya ma yakan kai ga kuskure.

In yaro ya riga ya ci, a cire ragowar daga bakinsa, a naɗe samfurin laimar a takarda, ba a leda ba don kada ya narke, a nufi asibiti nan take. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. Kada kuma a ce ai yana wasa lafiya: mafi munin dafin sai ya yi awa 6 zuwa 24 bai nuna ba, amai ya zo ya lafa, alhali hanta na lalacewa. A faɗa wa likita lokacin da ya ci da yawan abin da ya ci.

Taɓa laimar kwaɗi ba ya cutarwa, a dai wanke hannu. A riƙa zagaya lambu da sassafe ana tsince ta kafin yara su fito, a rage ban ruwa, a kwashe ruɓaɓɓen itace. Amma idan mai tauri ce ta manne a gindin bishiya mai rai, alama ce cikin bishiyar na ruɓewa. A kira wanda ya san itace ya duba ta kafin iskar hadari, musamman in ta rusuno kan ɗaki.