Darasi na 7: Hemogulobin, Ɗan Dakon da ke Cikin Jini

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu akwai uwayen da suka binne yara biyu ko uku, aka ce wabi suke yi, ko kuwa maita ce ta kama gidan. Sau da yawa ba haka ba ne. Dalilin yana cikin jinin yaron, kuma ana iya ganinsa da gwaji.

Mene ne hemogulobin?

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, kowace cike take da wani sinadari mai suna hemogulobin. Shi ne ke sa jini ja. Aikinsa dako ne: ya ɗauki iska mai kyau daga huhu, ya kai ta ko'ina a jiki. An gina shi kamar duwatsun wuya a zare. A ɗaya daga cikin zarurrukansa akwai ƙwaya 146. In ta shida kaɗai ta canja, sai a sami irin da ake kira S maimakon A. Wani masani, Vernon Ingram, ya gano wannan a Ingila a 1956.

Idan hemogulobin S ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya manne da 'yan'uwansa, ya sandare. Ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi yake zuwa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, amma mai kamar lauje kwana 10 zuwa 20 ta mutu. Shi ya sa yaron kullum ba jini, idonsa rawaya. Wannan shi ne amosanin jini, ko sikila.

Alama ce da ake gwadawa

Kowa yakan gaji iri ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai AA ba shi da ciwon. Mai AS yana ɗauke da irin, amma lafiyarsa lau. Mai SS shi ne majinyaci. In miji AS ne, mata ma AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Kowane ciki da nasa lissafin: ana iya samun SS biyu a jere. Ku lura, daga iyaye biyu ake gadonsa. Kada a ɗora wa uwa laifi ita kaɗai.

Gwajin Emmel da ake yi a ƙananan asibitoci yana nuna akwai S, amma ba ya bambanta AS da SS. Ku nemi gwajin da ke faɗin harufan biyu. Saurayi da budurwa su yi shi tun kafin a kai kayan aure. Rigakafi ya fi magani.

Wurin da magani yake kamawa

Jariri mai SS ba ya ciwo a watannin farko, domin yana da hemogulobin F, na cikin mahaifa, wanda ke hana S mannewa. Wajen wata shida F ya ragu, sai hannu da ƙafa su fara kumburi. Masana suka ce, to me zai hana a sa jiki ya ci gaba da yin F? Abin da maganin hydroxyurea yake yi ke nan. An gwada shi a kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ma ta ragu. Ba ya warkar da ciwon, kuma dole a riƙa auna jini. Kada ku saye shi a kasuwa. Mai ciki kada ta sha sai ta ga likita.

Abin yi a gida

- Yaro ya sha ruwa da yawa, musamman da bazara.
- A rufe shi da kyau lokacin hunturu, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi.
- Ya kwana cikin gidan sauro, ya cika allurar rigakafi.
- Ya sha penisilin da maganin ƙarin jini yadda aka rubuta.
- Kada a yi masa tsaga ko ƙaho. Ba shi da jinin zubarwa.

Ku kawo shi asibiti nan take, ko da dare ne, in jikinsa ya yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko saifa ta kumbura, ko gefen jiki ya mutu. Kada a jira gari ya waye.

Tambayoyi

1. Daga wa yaro yake gadon SS?
2. Me ya sa jariri ba ya ciwo kafin wata shida?
3. Wa ya kamata ya yi gwaji a gidanku?