Injin Ya Sha Gyara Amma Yana Tari: Hanyar Gano Cutar Tsohuwar Fijo

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1975, lokacin da masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, Fijo 504 ta zama jakin direbobin Arewa, kuma ba a daina ƙera ta a Nijeriya ba sai a 2006. Waɗanda suka rage a hannun jama'a duk sun tsufa, da wuya a sami wadda ba a taɓa buɗe injinta an sake mata ringi ba. Sau da yawa kuwa akan fito da motar daga gareji a tarar tana tari, tana karkarwa, ko ta mutu da zarar an saki totur.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku, tafiyar kimanin kilomita 120, ko mai wucewa gefen dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Garuruwa suna da rata, kuma 'yan bindiga sun yi shekaru suna addabar matafiya a yankin. Saboda haka a gareji ya kamata a gano cuta, ba a tsakiyar daji ba.

Abin da Injin Yake Bukata

Jikin ɗan Adam yana haɗa abinci da iskar oksijin a hankali domin ya sami ƙarfi. Injin ma haka yake yi da fetur, sai dai nasa ƙonawa ce ta farat ɗaya. Abu uku yake bukata: matsi a cikin silinda, tartsatsin wuta a daidai lokaci, da gaurayen mai da iska, wato kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. A bisa wannan jeri ake bincike.

1. Matsi

Da yake hannu ya taɓa cikin injin, nan za a fara. A cire fulogi huɗun, a ɗaura ma'aunin matsi a kowace silinda, a murza makulli. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsin ya tashi, ringi ne ba su zauna ba, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In bai tashi ba, sai a tuhumi bawul ko gasket. Bayan an sake ɗaure kan injin, ratar bawul takan canja. Wanda aka matse da yawa ba ya rufuwa sosai, matsi ya zurare, daga baya bawul ɗin ya ƙone.

Bugu da ƙari, silindar 504 hannun riga ce da ake zurawa, ruwa yana kewaye da ita. Idan ba ta zauna daidai ba, ruwa yakan sami hanya. Alamarsa ita ce kumfa a lagireto, ko baƙin mai ya koma kamar madara.

2. Wuta

Silindu suna kama wuta a jere kamar haka: 1, 3, 4, 2. Musanya waya biyu kawai ya isa ya sa injin karkarwa da harbi ta salansa. Yana cikin aiki, a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai rufin roba. Wadda aka zare sautin injin bai canja ba, silindarta ba ta aiki ke nan. Sannan a duba lokacin wutar: in ta yi gaggawa, za a ji ƙwanƙwasa a hawan tudu, in ta makara, mota ta yi nauyi, injin ya yi zafi.

3. Mai da Iska

Sai yanzu ne za a taɓa kafireta. Bakin fulogi shi ne shaida: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai ƙuna yana nuna mai ya yi yawa, fari fat kuwa iska ce ke satar shiga ta tsagaggen tiyo ko gasket. Haka ma hayaƙi: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama kuwa na ruwa ne. Kada a manta da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da tsatsar tsohon tanki da ke bin mai zuwa kafireta.

Kammalawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sake fulogi, a murɗa kafireta, a juya lokacin wuta, duk a zama ɗaya. In motar ta gyaru ba a san dalili ba, in ta ƙara lalacewa ba a san inda za a koma ba. Ƙa'idar ɗakin gwaji ita ce a canja abu guda, a bar saura yadda suke, a rubuta sakamako. Bayan haka a zagaya da motar cikin gari na 'yan kwanaki ba tare da lodi mai nauyi ba, ana lura da ruwa da baƙin mai kowace safiya, kafin a ɗauki fasinja a doshi Birnin Gwari.